Tafiyata Sikotlan da Harshen da Aka Daɗe Ana Kora Daga Aji

Ɗan wana ne ya kammala digiri na biyu a Aberdeen, can arewa maso gabashin Sikotlan, aka sa bikin yaye su a watan Yulin 2025. Mahaifinsa ciwon ƙafa ya matsa masa, ba zai iya doguwar zama a jirgi ba, sai dangi suka haɗa ƙarfi suka ce in je a madadinsa. Aikina koyar da Hausa ne a kwalejin ilimi, don haka na ƙudura zan ƙara 'yan kwanaki in zaga ƙasar, in ji yadda mutanenta suke magana a kasuwa da bakin titi. A lokacin kuɗin bizar ziyara ta wata shida fam 127 ne, ban da zirga-zirgar Abuja don ɗaukar hoton yatsu da tarin takardun bankin da aka nema.

Daga Kano na shiga mota zuwa Kaduna. Wanda ya san hanyar ya san shingayenta: nan 'yan sanda, can sojoji, gaba kaɗan kwastan, kowa da tasa tambayar. A Rigasa na hau jirgin ƙasa zuwa Idu, na kwana Abuja, washegari jirgin sama ya ɗauke mu awa shida da 'yan mintoci zuwa Landan. Jami'ar shige da fice a Heathrow ta tambayi inda zan sauka, da wanda ya gayyace ni, da ranar komawata, ta duba tikitin dawowa ta buga hatimi.

Jirgin ƙasa na zaɓa daga tashar King's Cross, don in ga ƙasa da idona. Tafiyar awa huɗu da rabi ce zuwa Edinburgh, kuma da yake an saya mini tikitin tun da wuri bai kai fam 60 ba. Wanda ya bari sai ranar tafiya zai biya ninki biyu ko fiye. York da Durham da Newcastle duk suka wuce ta taga. Garin ƙarshe na Ingila shi ne Berwick-upon-Tweed, wanda ƙasashen biyu suka yi ta ƙwace shi a tsakaninsu har ya zauna hannun Ingila a 1482. Daga nan layin dogo ya kama gaɓar teku. Wani allo a gefen layi shi kaɗai ne alamar iyaka. Ba shinge, ba mai neman takarda, jirgin ko sassauta gudu bai yi ba. Amma ka riga ka shiga ƙasa mai dokokinta, da majalisarta, da tsarin makarantunta, har da takardun kuɗinta.

A teburin da nake zaune akwai wani dattijo ɗan yankin Fife, da wani Ba'amurke da matarsa masu yawon buɗe ido. Ba'amurken yana ta murna, yana cewa kakannin kakanninsa daga nan suka yi hijira, don haka shi ma "Scotch" ne. Dattijon ya bar shi ya kai aya, sannan ya ce masa cikin ladabi, a ƙasar nan wannan kalma ta kwalba ce, mutum kuwa "Scot" ake ce masa, ko a ce shi "Scottish" ne. Ba'amurken ya ce a garinsu haka tsofaffi suke faɗa, kuma gaskiyarsa ne, domin a Amurka da Kanada kalmar ta daɗe a bakin jikokin 'yan hijira ba tare da wani aibu ba. Da suka tashi neman shayi na matsa kusa da dattijon na roƙe shi ya warware mini. Ya ɗauki rasidin shayinsa ya juya bayansa, ya rubuta kalmomi uku a jere da fensir, yana bugun kowace da yatsa. "Scottish" sifa ce da ta dace da komai, daga gwamnati har yanayin sama. "Scots" jam'in mutanen ne, kuma da ita ake kiran shari'ar ƙasar da harshen ƙasar. Sarauniyarsu Mary ma sarauniyar "Scots" ake ce mata, wato ta mutanen. "Scotch" kuwa an bar ta ga kaya: giyar wuski, da wata irin miya, da wani burodi mai nama a ciki, da ƙwai.

Daga baya na bi diddigin maganar. A da ba zagi ba ce. Robert Burns da Walter Scott, manyan marubutan ƙasar, duk sun yi amfani da ita ba tare da ɗar ba. Gajarta "Scottish" aka yi, kuma daga Ingila ta fi yaɗuwa. Sannu a hankali mutanen suka riƙa jin ta a bakin maƙwabtansu tare da ba'a, musamman barkwancin da ke nuna su marowata ne, sai suka tsane ta. A 1918 hukumar ilimin ƙasar ta cire "Scotch" daga sunanta ta sa "Scottish". Mu ma kalmar tana cikin tukwanenmu ba mu lura ba. Attaruhun da muke jajjagawa kullum, Turawa hular "Scotch" suke ce masa saboda kamarsa da wata hular gargajiya ta ƙasar. Haka ƙwan nan da ake naɗewa da niƙaƙƙen nama a soya, wanda ake sayarwa a gidajen abinci na Kano da Kaduna. A can kada Musulmi ya kai hannu gare shi sai ya tambaya, domin da naman alade aka saba yin sa.

A Edinburgh na sauka a gidan wata dattijuwa a unguwar Leith, ɗaki ɗaya da karin kumallo fam 75 a dare, kuma an ce mini na yi sa'a, domin a watan Agusta lokacin bukukuwan birnin kuɗin ɗaki yakan yi tashin gwauron zabo. Motar bas ta cikin gari fam biyu da 'yan kai ce, direba ba ya ba da canji, ko ka zuba daidai ko ka taɓa katin banki. Abin da ya fi wahalshe ni shi ne rana. Magariba sai wajen ƙarfe goma na dare, isha'i kusa da tsakar dare, kafin ka yi nisa a barci asuba ta yi, ƙarfe huɗu da rabi kuwa gari ya waye tangaran. Na je babban masallacin birnin da ke Potterrow, wanda aka buɗe a 1998, na karɓi jadawalin salla, kuma a nan kusa na samu shinkafa da miyar kaza ta halal a ƙasa da fam 10.

Wurin dattijuwar nan na fara jin harshen da kyau. Ta tarbe ni a ƙofa da "come awa ben", wato shigo daga ciki. Komai a wurinta "wee" ne, ƙarami: ƙaramin shayi, ƙaramar hira, ƙaramin hutu. Jikokinta "bairns" ne. Gida "hoose", coci "kirk", in za ta ce ta sani sai ta ce "ah ken", in ba za ta iya ba "ah cannae". Da safe ta ɗaga labule ta ga yayyafi da hazo da sanyi sun haɗu, ta girgiza kai ta ce "dreich", da wani sauti a ƙarshe daga maƙogwaro irin na harafin kha na Larabci, wanda Ingilishin Landan ya daɗe da yar da shi. Muna cikin karin kumallo wayarta ta yi ƙara, daga banki ne. Ina kallonta ta miƙe zaune, ta gyara wuyan rigarta, muryarta ta sauya gaba ɗaya. Duk kalmomin nan suka ɓace, ta koma Ingilishin rediyo tsaf. Tana ajiye waya ta dawo yadda take, ta tura mini faranti ta ce in ci kada ya huce. Na tambaye ta me ya sa. Ta ce wannan muryar waya ce, uwarta ma tana da ita, ana fito da ita ne ga likita da malamin makaranta da mai banki. Na ce to wadda take yi da ni fa, mene ne sunanta? Ta yi shiru kaɗan, ta ce wasu suna ce mata Scots, amma su da suna yara ce musu aka yi magana ce marar kyau.

Wannan amsa ce ta kai ni gidan tarihin marubuta da ke wani lungu a tsohon gari, shiga kyauta. A farfajiyarsa, wadda ake kira Makars' Court, an sassaƙa kalaman marubutan ƙasar a kan duwatsun daɓe, ciki har da na John Barbour, wanda ya rubuta doguwar waƙar tarihin sarki Robert Bruce wajen shekarar 1375. Harshen da aka ce wa dattijuwata marar kyau ne, ashe da shi aka yi wannan waƙa shekara 650 da suka wuce. Asalinsa ɗaya da Ingilishi. Dukansu daga bakin ƙabilun da suka ƙetaro daga arewacin Turai suka fito, amma Scots ya tsiro ne daga karin arewa, na mutanen da suka zauna kudu maso gabashin Sikotlan tun ƙarni na 7, ya bi hanyarsa dabam, ya ɗebi kalmomi daga mutanen Norwe da Denmak, da 'yan kasuwar Holan, da Faransawa. Babban farantin da dattijuwar ta zubo mini abinci a kai "ashet" take ce masa, kuma daga Faransanci kalmar ta zo. Daga 1424 da Scots aka riƙa rubuta dokokin majalisar ƙasar. Harshen fada ne, na kotu, na waƙa.

Akwai wani juyi a tarihin sunan da ya ɗaure mini kai. Mutanen da Rumawa suka fara kira "Scoti" masu magana da Gaelic ne, harshen da ya zo daga Ailan, wanda ba shi da kusanci da Ingilishi. Mutanen kudancin ƙasar kuwa harshensu "Inglis" suke ce masa da bakinsu. Sai a ƙarshen ƙarni na 15 suka ɗauki sunan "Scottis" suka sa wa nasu, suka koma kiran Gaelic da "Erse", wato na mutanen Ailan, kamar baƙo ne a ƙasar da ya ba wa suna. Waɗanda aka raina daga baya, su ma sun taɓa raina wasu.

Faɗuwar harshen ba a rana ɗaya ta zo ba. A 1560 ƙasar ta bar ɗariƙar Katolika, kuma Baibul ɗin da ya shiga kowane gida na Ingilishi ne, sai mutane suka saba jin maganar Ubangiji da harshen maƙwabta. A 1983 ne fassarar Sabon Alkawari ta W. L. Lorimer ta fito da Scots. A 1603 sarki James na shida ya gaji sarautar Ingila, ya kwashi fadarsa ya koma Landan. A 1707 majalisun biyu suka haɗe, ta Edinburgh ta rufe. Daga nan manyan gari suka shiga jin kunyar bakinsu. Masanin falsafa David Hume har jerin kalmomin ƙasarsa ya tsara don a guje su a rubutu, kuma a 1761 masu hannu da shuni a Edinburgh suka yi ta biyan kuɗi suna sauraron Thomas Sheridan yana koya musu furucin Ingilishi. Dokar ilimi ta 1872 ta tilasta wa kowane yaro zuwa makaranta, makarantar kuwa da Ingilishi take magana. Muryar wayar dattijuwar Leith daga nan ta samo asali.

Kafin in bar yankin na hau jirgin ƙasa zuwa Galashiels, na ƙarasa Selkirk a bas, don in ga mutum-mutumin Mungo Park da ke tsaye a babban titin garin. A kusa da nan aka haife shi a 1771, a Bussa ya mutu a 1806, wurin da ruwan Kainji ya shanye yanzu. Ina tsaye na tuna da Hugh Clapperton, wanda ya shiga Kano a Janairun 1824, ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Sakkwato, ya sake dawowa ya mutu a can a 1827. Ɗan garin Annan ne, a kudancin Sikotlan. William Baikie da ya zauna Lokoja, ya fassara sassan Baibul zuwa Hausa, ɗan tsibiran Orkney ne. Dukansu a ajinmu Turawan Ingila muke ce musu, alhali babu ɗan Ingila ko ɗaya a cikinsu. Ɗan wana ya riga ya ja mini kunne a waya: "Baffa, ka ce Birtaniya in ya zama dole, wasu za su karɓa wasu su ɓata rai, amma Ingila kada ka kuskura."

Daga Edinburgh zuwa Glasgow minti hamsin ne a jirgi. A nan kunnena ya sha wuya. Maganar ta fi sauri, ana haɗiye harafin t a tsakiyar kalma, yaro ya tashi daga "bairn" ya koma "wean", kuma in mutum yana son ya tambaye ka dalili sai ya ce "how". Mutanen kuwa akwai sakin fuska, kowa "pal" yake ce maka, wato aboki. Direban tasin da ya kai ni masauki tsohon soja ne, shi ya buɗe mini babin laƙabi. Ya ce a bariki duk sojan Sikotlan "Jock" ne, sunan da asalinsa John ne a bakin ƙasar, kuma a tsakaninsu suna alfahari da shi. Amma in wani a mashaya a Landan ya jefo masa shi yana yatsina, to a shirya rigima. Na ce masa na gane sarai. Aboki kalma ce mai daɗi a bakinmu, amma duk Bahaushen da ya zauna Legas ya san yadda take sauya ɗanɗano idan mai faɗin ta raini yake nufi. Ya ci gaba da lissafi. Mutanen Edinburgh suna kiran na Glasgow "Weegie". Mutanen kudu suna kiran na tsaunukan arewa "teuchter", kusan kamar a ce baƙauye. Ɗan Ingila kuma "Sassenach" ne, kalmar Gaelic mai nufin ɗan ƙabilar Saxon. Ya ce duk ana faɗin su da dariya, kuma duk ana iya faɗin su da ƙeta, sai dai ka duba fuskar mai magana.

Ba kowa ne ya yarda Scots harshe ne ba. Yarinyar da ke karɓar baƙi a masaukina, ɗalibar jami'a, ta ce ita dai a ganinta Ingilishi ne na 'yan unguwa, kuma ta faɗi haka ne da jimlar da rabinta Scots ne. Ba ita kaɗai ba ce. Wani bincike da gwamnatin Sikotlan ta fitar a 2010 ya nuna kashi 85 cikin ɗari na waɗanda aka tambaya sun ce suna magana da Scots ko yaya, amma kashi 64 sun ce ba sa ɗaukar sa a matsayin harshe. Abin da ya kawo ruɗanin shi ne babu katanga tsakanin harsunan biyu. Mutum yakan zame daga wannan zuwa wancan a cikin jimla guda, gwargwadon wanda yake gabansa. Ni a nawa ganin, abin da aka yi dokoki da shi, aka yi waƙa da shi ƙarni bayan ƙarni, yake da nahawunsa da karuruwansa, kuma John Jamieson ya yi masa ƙamus tun 1808, ba ya buƙatar izinin kowa kafin a kira shi harshe.

Yarinyar nan ce kuma ta tuna mini da abin da ya faru da Wikipedia ta Scots. A Agustan 2020 aka gano cewa wani matashi Ba'amurke da bai iya harshen ba ya shafe shekaru yana rubuta dubban maƙaloli a cikinta, yana ɗaukar jimlar Ingilishi yana sauya mata harufa. Ba da mugun nufi ya yi ba, amma ɓarnar ta yi yawa, domin duk wanda ya leƙa ya ga abin sai ya ƙara yarda cewa Scots Ingilishi ne da aka karkatar. Shekaru aka yi ba wanda ya tsawatar, saboda masu harshen ba su saba karanta shi a rubuce ba. Wannan ya kamata ya tsorata mu, ganin yawan Hausar inji da ake zubawa a intanet yanzu, wadda kalmominta namu ne amma ƙashin bayanta na wani harshe ne.

Na yi yini guda a Alloway, kusa da garin Ayr, inda aka haifi Robert Burns ranar 25 ga Janairun 1759, a wani gidan ƙasa mai rufin ciyawa da mahaifinsa ya gina da hannunsa. Ɗakin mutane da na dabbobi duk a ƙarƙashin rufi ɗaya suke. Ɗan manomi ne, ya buga littafin waƙoƙinsa na farko a Kilmarnock a 1786, ya rasu a 1796 yana da shekara 37. Waƙar ban kwana da tsohuwar shekara da ake rerawa a ƙasashe da yawa daren sabuwar shekara ta hannunsa ta fito, da Scots take, kuma yawancin masu rera ta ba su san ma'anar kalmominta ba. Abin da ya burge ni a gidan tarihinsa da ke can shi ne bayanan jikin bango cike suke da kalmomin Scots. A tashoshin jirgi kuwa allunan suna da Ingilishi da Gaelic suke. Ƙidayar 2022 ta nuna mutum kusan miliyan 1.5 ne suka ce suna magana da Scots a ƙasa mai mutum miliyan 5.4, masu magana da Gaelic kuwa wajen 70,000. Gaelic yana da dokarsa tun 2005 da tashar talabijin tun 2008, kuma ya cancanta, domin yana bakin gaɓa. Scots kuwa kamarsa da Ingilishi ce ta cuce shi, aka yi ta ganin ba ya buƙatar komai. Makonni kaɗan kafin zuwana, a watan Yuni, majalisar ƙasar ta amince da dokar da ta ba harsunan biyu matsayin harsunan hukuma.

Daga Glasgow jirgi ya bi da ni ta Stirling da Perth da Dundee, awa biyu da rabi da ɗoriya, sai ga Aberdeen, birnin da aka gina da dutse mai ruwan toka, cibiyar man fetur ɗin Tekun Arewa, shi ya sa 'yan Najeriya suke da yawa a cikinsa. Ɗan wana ya tarbe ni a tasha, ya durƙusa ya gaishe ni, ya karɓi jakata. Muna fita wani mai gadi ya ce masa "fit like?", shi kuma ya amsa "nae bad" ba tare da ya tsaya tunani ba. Ya ce, "Baffa, duk abin da ka koya a kudu ka ajiye shi, nan Doric ake yi." Karin Scots ne na arewa maso gabas, kuma alamarsa ita ce harafin f a farkon kalmomin tambaya: "fit" me, "far" ina, "fan" yaushe, "fa" wa. Saurayi "loon" ne, budurwa "quine", har a ƙofar banɗakin wani gidan shayi haka na gani a rubuce. Abinci kuwa, miyar kifi mai hayaƙi da dankali da madara da suke kira Cullen skink ta yi mini daɗi ƙwarai a cikin sanyin nan. Burodin safiyarsu mai maiƙo, "buttery", na bar shi, domin da kitsen alade aka fi yin sa. Tsuntsayen teku kuma ba su da kunya, a hannu suke fizge abinci.

Maƙwabcin ɗan wana wani tsohon masunci ne daga Peterhead, ya haura shekara tamanin. Da ya ji malamin harshe ne ya zo daga Najeriya sai ya aiko a kira ni shan shayi. Rabin maganarsa sai da ɗan wana ya yi mini tafinta. Ya ce ranar da ya fara shiga aji malama ta yi masa tambaya ya amsa da "aye", wato e, yadda uwarsa da ubansa suke amsawa. Ta kira shi gaban allo ta ciro bulalar fata mai tsagaggen baki, wadda suke kira "tawse", irin da ake yi a garin Lochgelly. Ya miƙo mini hannuwansa ya ɗora tafin dama a kan na hagu, ya nuna yadda ake tsayawa a karɓa, hannuwan da igiyar jirgin ruwa ta riga ta cinye. Ya ce tun daga ranar ya koyi yin shiru a aji. Sai a 1987 aka hana dukan a makarantun gwamnati. Yanzu jikokinsa suna dawowa gida da waƙoƙin Burns a watan Janairu, ana ba su kyauta in sun rera da kyau. Ya ce yana murna, amma mako guda ne a shekara, sauran makonnin kuwa ana gyara musu baki kamar da, sai dai ba bulala. Game da sabuwar doka, ya ce zai yarda da ita ranar da jikarsa ta je neman aiki ta yi magana yadda take yi a gida aka ɗauke ta.

A daren nan muka daɗe muna hira da ɗan wana. Shi abin da ya tuna masa shi ne tarar banakula, yadda ake rubuta sunan wanda ya yi Hausa a aji. Haka ne, mun sha wannan. Amma na ce masa ya ƙara dubawa, domin a arewacin Najeriya sau da yawa mu ne a matsayin Ingilishi. Hausa ce take shiga gidaje a Bauchi da Filato da kudancin Kaduna tana raba jikoki da harshen kakanninsu. Sunayen da muka laƙa wa mutane kuma har yau muna riƙe da su bayan masu su sun ce ba sa so. Sun ce su Gbagyi ne muna cewa Gwari, har maganar da ba ta fita muna ce mata gwaranci. Bajju muna ce musu Kaje, Atyap Katab, Ham Jaba, Ngas Angas. A cikin Hausar ma, yaron da ya taso da Sakkwatanci ya ce "mi" ko "hwari" yakan sha dariya a aji, jan biro ya bi takardarsa, don daidaitacciyar Hausa a kan Kananci aka gina ta. Ana buƙatar daidaitaccen rubutu, ban musa ba, da shi nake cin abinci. Amma koya wa yaro rubutu dabam ne, sa shi ya ji kunyar bakin uwarsa dabam. Ɗan wana ya ce, "Baffa, ai ba da raini muke faɗin sunayen nan ba." Na ce Ba'amurken cikin jirgi ma ba da raini ya faɗi tasa ba, kuma da aka gaya masa bai yi gardama ba.

An yi bikin lafiya, da mai busa algaitar ƙasar a gaban jerin malamai, ɗan wana sanye da babbar riga a ƙarƙashin rigar digiri, ni kuma ina riƙe da waya mahaifinsa yana kallo daga Kano. Daga Aberdeen jirgin sama na hau zuwa Landan, awa ɗaya da rabi, daga nan Abuja, na tarar da damina ta kankama. Wanda zai yi irin wannan tafiya ya lura da kuɗi. Bankuna uku ne suke buga nasu takardun fam a Sikotlan, na Bank of Scotland da hoton Walter Scott, fam 10 ta Clydesdale da hoton Burns. Darajarsu ɗaya da na Ingila, amma wasu kantuna a Landan suna juya su suna ƙin karɓa, 'yan canjinmu kuwa ba su san su ba. Gara mutum ya kashe su tun yana can, ko ya shiga banki a musanya masa kafin ya ƙetare iyaka.